Fuskar da Na Koyo a Ɗakin Karta

Catford, ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a sabon flat ɗinka na Stratford. Allah Ya tsare shigarka da fitarka, Ya haɗa ka da maƙwabta masu mutunci, Ya sa ɗakin ya zame maka wurin hutawa. Ummanka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa buɗe taga in kana girki.

Na san karatun Hausa yana ba ka wuya. Ina ganinka yanzu kana bin layi da yatsa kamar ɗan aji biyu, kana tsaki. Ka yi haƙuri, da gangan na ƙi rubuta maka da Turanci. Zaman garin nan ya koya min yadda ake doguwar magana da Turanci ba tare da an faɗi komai ba. Da Hausa kuwa ba ni da wurin ɓuya, kuma yau ba na son in ɓuya.

Ka tuna ranar da za ka kwashe kayanka, muna cin tuwo, Ummanka ta tambaye ka me ya sa duk faɗin London sai Stratford. Ka ce ya fi kusa da ofis. Ƙanwarka Jidda, wadda bakinta ba ya ajiya, ta ce ai ya fi kusa da sabon ɗakin kartar nan da kai da abokinka Jamilu kuke zuwa buga foka, wasan kartar nan na kuɗi. Hannun Ummanka ya tsaya cik a cikin kwano. Kai kuwa ka dube ni ka ce, "It's not gambling, Baba, it's maths." Ka shiga yi mana bayani, wai foka ba kamar sauran caca ba ce, wai mai lissafi da haƙuri ba ya faɗuwa, wai kai da ka karanta lissafi a jami'a ka fi kowa a teburin sanin abin da kake yi. Na yi shiru na ci gaba da cin tuwona.

Na san yadda ka fassara shirun nan. Ka ɗauka tsoho ne bai gane ba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta wa mutanen Arewa labarin farashin gero a rediyo. To bari in ba ka mamaki. Na fi ka sanin wasan nan, kuma da za a zaunar da mu a teburi ɗaya da ka sha wuya a hannuna.

Ba kuɗinka nake jiye wa ba, albashinka ne, kai ka sha wuyarsa. Hukuncin addini ma ka san shi tun kana zuwa Islamiyya a Peckham, ba ni da abin da zan ƙara wa malaminku. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Ina tsoron ranar da za ka zo gida ka zauna a gabanmu, mu dube ka, mu kasa gane ko kana cikin farin ciki ko baƙin ciki. Na taɓa zama haka a cikin gidan nan, kuma kana nan, sai dai ba ka san sunan abin ba.

Da rakiya abin ya fara. Ka san Alhaji Tukur, abokina tun muna makarantar kwana, mai fataucin fata, wanda yake da gida wajen Edgware Road. Wata Asabar, kana ɗan shekara goma ko sha ɗaya, ya kawo mana ziyara bayan azahar. Ya ci abinci, ya tashi zai tafi, na ɗauki hula zan raka shi. Ka san yadda rakiya take a gida. Za ka taka wa baƙo zuwa bakin zaure, ya ce ka koma haka nan, ka ce a'a mu ɗan ƙara, ku kai bakin titi, ya sake cewa ka koma, sannan ka koma. Baƙo ne yake sallamar mai gida, haka muka taso muka gani. To Alhaji Tukur bai ce in koma ba. Muka kai tashar bas muna tsakiyar labarin wani malaminmu, bas ta zo, ya hau, na ga rashin ladabi ne in yanke masa magana, na hau. Daga bas muka shiga jirgin ƙasa, daga nan muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ni dai ina jiran kalmar nan, shi kuma yana ta labari.

Muka tsaya a wata ƙofar gilashi da ke ƙamshin sabon fenti. Ya ce, "Ɗan jarida, wurin nan makon jiya aka buɗe shi. Shigo ka sha shayi ka ga yadda Turawa ke zubar da dukiyar iyayensu."

Na ce, "Alhaji, ai rakiya na yi."

Ya ce, "To ai ba ka gama ba. Ka ga na zauna?"

Muka yi dariya. Mai gadin ƙofa ya dubi babbar rigata sama da ƙasa. Ƙa'idarsu sai da kwat da nakatayi, amma ya ce kayan gargajiya an yarda da su, har ya ɗan rusuna. Wallahi sai na ji kaina ya yi girma, wai an girmama tufafin ƙasarmu. Haka na shiga gidan caca karo na farko, ina ji kamar jakada.

Ba zan ɓata maka Alhaji Tukur ba. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan jana'izar kakanka lokacin da na rasa jirgi. Haka ma ba ni da abin da zan ce a kan Jamilu, yaro ne mai gaisuwa. Amma ka riƙe wannan, Nasiru. A garin nan ba wanda zai ce maka ka koma, kowa yana son abokin tafiya. In ka raka mutum ka ga hanya ta fara nisa da gida, kai za ka sallami kanka, ko da yana tsakiyar magana. Zai ji haushi na yini ɗaya, washegari ya kira ka kamar ba a yi ba.

Abin da na gani a ciki shi ya ruɗe ni. Na taso da cewa gidan caca wuri ne na ihu da kwalabe da 'yan iska. Sai na tarar da ɗaki shiru kamar laburare. Kafet mai laushi, tebura da koren ƙyalle, mata da maza masu raba kati sanye da fararen riguna marasa aljihu. A lokacin doka ta hana a kawo giya kan tebur, sai shayi da burodi mai kifi a ciki, kyauta, kana ɗaga yatsa a kawo maka. Dattawa ne zaune, wasu da tabarau a kan hanci, ba mai ɗaga murya. Ba kuɗi a fili, sai 'yan fayafayan roba masu launi da ake turawa tsakiyar tebur.

A nan na yi kuskurena na biyu, na naɗa kaina malami na ba kaina fatawa. Na ce wurin da ba giya, ba kiɗa, ba tsiraici, ai ya fi wasu gidajen biki tsabta. Na ce wannan ba sa'a ba ce zalla, tunani ne, kamar dara. Ka ji? Maganar da ka yi mana a kan tuwo, ni na riga ka yin ta, da Hausa ma. Don in zama ɗan ƙungiyar wurin sai da na sa hannu, aka ce in jira kwana biyu kafin in buga, haka doka ta tanada don mutum ya sake tunani. Ni kuwa a kwana biyun nan na kira Alhaji a waya ya koya min wane kati ne ya fi wane.

Aikina ya taimaka wa ɓarnar. Shirin safe nake yi, kafin azahar na tashi, su kuma suna buɗewa da ƙarfe biyu. Sai in yi sallah a ofis in wuce can, in dawo gida da yamma in ce wa Ummanka an riƙe mu. Ɗakin ba taga, ba agogo a bango. Lokacin sanyi da rana ke faɗuwa da wuri, sai in fito in tarar la'asar ta wuce, magariba ta bi ta, in zo gida in tattara su gaba ɗaya kamar kayan wanki. Duk da haka ban janye fatawata ba, sai ma ƙara mata hujja nake yi a cikin tube.

Ga abin da na koya daga wannan. Abin da yake daidai ba ya buƙatar dogon bayani. Ba ka taɓa tsayawa kana yi mana lacca a kan dalilin da ya sa kake zuwa ofis ba. In ka ji kanka kana ta jero wa kanka hujjoji a kan abu ɗaya, kullum kana ƙaro sabuwa, ka tsaya ka tambayi kanka wa kake son ka shawo. Ranar nan ka yi kusan rabin sa'a kana magana, alhali ba wanda ya yi maka musu.

Yanzu bari in ba ka abin dariya, don na san ka fara haɗe rai. Watannin farko ban ci komai ba. Ka san wasan: a ba ka kati ka leƙa a ɓoye, in kana da ƙarfi ka ja mutane su zuba, in ba ka da shi ko ka ajiye ko ka yi burga. To ni duk ranar da na samu kati mai kyau, sai kowa a teburin ya ajiye nasa, in tashi da ɗan abin da bai kai kuɗin bas ba. In kuma na yi burga da katin banza, sai su taso min gaba ɗaya. Na zargi kujera, na canza kujera. Na zargi hula, na canza hula. Har na fara tunanin ko baki ne ya kama ni.

Akwai wani tsoho da muke yawan haɗuwa a tebur, Usman, Baturke ne daga Cyprus, yana da shagon wankin kaya. Wata rana mun fita shan shayi ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗan'uwa, kai Musulmi ne, ko?"

Na ce ƙwarai, ina ɗan jin kunya.

Ya ce, "Na sani. Duk lokacin da ka leƙa kati ka ga alheri, leɓenka yana cewa alhamdulillahi. In ka ga tsiya, sai ka ja innalillahi har ƙarshenta. Ni na san kalmomin tun ina goye. Waɗancan ba su san ma'anarsu ba, amma sun gane gajeriyar sun gane doguwar. In ka yi gajeriyar, kowa ya gudu."

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe duk watannin nan ina karanta musu labarai kyauta, ban sani ba. Da ya gama dariyar sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka koma gida. Mutumin da bakinsa ke gode wa Allah ba da saninsa ba, nan ba wurinsa ba ne. Ni na makara, kai ba ka makara ba."

Abu biyu ya faɗa min, na ɗauki na farko na bar masa na biyu. Wannan shi ne babban kuskuren, kuma saboda shi nake rubuta takardar nan. Maimakon in bar ɗakin, sai na ƙudura zan gyara bakin. Na sayo goro a Rye Lane, in zan zauna sai in ɓantara in danna a kunci, don leɓe ya samu aikin yi. Na riƙa tsayawa gaban madubin banɗakin ofis ina tuna abin daɗi, ina hana fuskata motsi, in tuna mutuwar kakanka, in hana ta motsi. A cikin tube ina kallon kaina a baƙin gilashi ina gwadawa. In hamdala ta taso daga ƙirji, sai in tare ta a maƙogwaro in haɗiye. Da wuya da farko, don abu ne da uwata ta dasa min tun ban san kaina ba. Amma mutum in ya sa kansa ba abin da ba zai koya ba.

Na kuwa koya. Na fara ci. Waɗanda a da suke karanta ni suka koma suna kallona suna susar kai. Na koyi karanta su ni ma: wane in yana burga yana taɓa zobensa, wane yana daina numfashi. Alhaji Tukur ya sa min suna Dutse, in ya shigo daga Kano yana nuna ni ga abokansa. Na ji daɗin sunan nan, ba zan ɓoye maka ba. Kuma gaskiyarka, akwai lissafi a ciki, na yi shi, ya yi aiki. Ban sayar da komai na gidan nan ba, ban taɓa kuɗin cefane ba. In da asara ce kawai abin tsoro, da na ce maka ni na tsira.

Abin da ban sani ba shi ne fuska ba riga ba ce da za ka tuɓe a bakin ƙofa ka rataye. Da ita na riƙa dawowa gida. Ka tuna ranar da takardar shigarka babbar makaranta ta zo, ka sauko daga bene da gudu har ka rasa takalmi ɗaya? Na karɓa, na karanta, na ce madalla, na miƙa maka. Ka tsaya kana jira. Ban san me kake jira ba a lokacin. Ka juya ka hau sama a hankali. A raina na yi murna, wallahi na yi, amma hanyar da take bi ta fito na riga na toshe ta da hannuna.

Sannan aka zo haihuwar Jidda. Kada ka zaci zan ce maka ina gidan caca lokacin da aka haife ta. Ina nan, ni na kira tasi, ni na riƙe jaka, na zauna a barandar asibiti tun safe har hantsi. Bayan kai mun daɗe ba mu samu ba, mun rasa ciki har sau biyu, ba abin da nake roƙo a sujada kamar wannan. Ungozomar, wata 'yar Jamaika mai fara'a, ta kira ni ta ɗora min ita a hannu. Na buɗe zanen na leƙa fuskarta. Nasiru, yadda nake leƙa kati haka na leƙa ta. Na ga abin da ya fi komai kyau a duniya, sai jikina ya yi abin da na koya masa. Fuskata ta tsaya, bakina ya rufe, hamdalar ta taso ta koma.

Ummanka tana kwance tana kallona, gumi bai bushe mata ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Malam, ko don mace ce?"

Na ce, "A'a, haba." Amma muryar ma a shimfiɗe ta fito, kamar ina karanta hasashen yanayi. Ta juya fuskarta bango. Na yi wa jaririya kiran sallah a kunne, na miƙa ta.

Ka san Ummanka, ba ta sake tayar da maganar ba. Aka yi suna, na sayo rago, aka cika gidan nan da mutane har kan matakala. Amma ta riƙe abin a ranta wata da watanni. In na shigo sai ta ɗauke yarinyar daga falo, wai kada kukanta ya dame ni. In na miƙa hannu sai ta ce bari, za ta ɓata maka riga. Ni kuma na ɗauka hidimar jego ce. Sai wata rana ina karin kumallo, tana tsaye tana goye da ita, ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam, in Allah Ya yarda na gaba namiji ne." Matata tana ba ni haƙuri a kan 'yar da na fi so fiye da raina. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na safiyar nan ba.

Ban je ɗakin karta ran nan ba. Na dawo daga aiki na same ta a kicin tana suyar albasa, na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata komai, tun daga rakiyar har goron. Ta kashe wuta, ta zauna a kan kujerar roba, ta ce, "Caca? Caca ce kawai?" Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Da ka faɗa min tun farko ai da na samu barci. Ni ina nan ina tunanin ka ƙi jinin 'yata." Kada ka ɗauka na sha da sauƙi. Da dariyar ta wuce fushin ya zo, na kuwa ji a jikina, mako guda da kaina nake dafa shayi. Amma ka duba abin da na jawo: mace ta ji mijinta ɗan caca ne, ta ji sanyi a ranta, saboda abin da ta zata ya fi wannan muni.

Barin ɗakin bai yi min wuya kamar yadda na zata ba. Na koma sau ɗaya ko biyu, na ga shayin ma ba shi da daɗi. Dawo da fuskar ce ta ɗauki lokaci. Na riƙa faɗin alhamdulillahi da gangan, kamar mai koyon tafiya bayan karaya, ina ji ba daga ciki take fitowa ba. Jidda har ta fara tafiya ina wannan fama. Sai wata safiya ina tsaye a tashar bas, kusa da gunkin ƙatuwar kyanwar nan na saman ƙofar kasuwa, ruwa ya fara saukowa, bas ta ɓullo daidai lokacin. Na ji bakina ya faɗe ta shi kaɗai, ban aike shi ba. A kan bas kawai. Na hau na zauna a baya ina share ido, wata tsohuwa ta miƙo min hankici tana tambaya ko rasuwa aka yi min.

Jidda ba ta san wannan labarin ba, kuma ba na so ta sani. Kai na faɗa wa, don kai ne ka kama hanyar.

Ga dalilin da ya sa ban bari sai mun haɗu ba. Da kuna loda kaya a motar Jamilu, Jidda ta kawo maka rigar matashin kai da ta ɗinka maka a makaranta, wadda ta sa wa sunanka da jan zare. Tun kafin hutu take fama da ita, ta soke yatsunta ba adadi, ta ɓoye ta a ƙarƙashin katifa don kada ka gani. Ka karɓa, ka duba, ka ce, "Cheers, Jid," ka sa a kwali. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonka. Ko gira ba ka ɗaga ba.

Ni na san ka ji daɗi. Na ga ka shafa zaren da babban yatsa, na ga ka ɗora ta a sama ba ka danne ta da littattafai ba. Amma ni tsohon ɗan wasa ne, karanta yatsu na koya. Ita yarinya ce 'yar shekara goma, fuskar yayanta kawai ta iya karantawa. Da motarku ta tafi ta same ni a falo, ta daɗe tana wasa da gefen labule, sannan ta ce, "Baba, didn't he like it?" Sai ta sake da Hausarta mai tsami, "Ko bai yi kyau ba?" Na ce ya yi kyau, yayanki gajiya ce. Ta gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba.

Kai ne yaron da in ya ci ƙwallo a filin makaranta sai mun ji ihunsa daga bakin titi. Kai ne in ka fasa kofi ba sai an tambaya ba, fuskarka ta riga ta kai ƙara. Ummanka takan ce kai ba ka iya ɓoye ko ƙwayar gyaɗa ba. Wata shida ke nan ina ganin abin yana raguwa, ina cewa girma ne, sai da Jidda ta ambaci ɗakin karta na gane. Kana ƙwarewa, ɗana. Na tabbata a teburin can sun fara jin tsoronka, kuma na san daɗin da ke cikin hakan.

Ba zan yi maka baki ba, ba zan ce in ka sake shiga kada ka tako gidana ba. Gidan nan naka ne ko da me ka zo. Ka girma, kuma ni ban da bakin da zan yi maka tsawa a kan wannan. Ina sonka, Nasiru. Ban iya faɗa ba da kana ƙarami, irin tarbiyyarmu ke nan, sannan na ƙara wa kaina wata cutar a kai. Yau na faɗa, ka ajiye.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo ranar Asabar, Ummanka za ta yi miyar kuka, ba wanda zai yi maka zancen karta. In ka shigo, kafin ka gaishe ni, ka hau sama wurin ƙanwarka ka faɗa mata ka kwana a kan matashin nan. Ka bar ta ta gani a fuskarka. In fuskar ta saki, alhamdulillahi, da sauranka, sai ka yi tunanin abin da ya fi maka. In kuwa ka neme ta ta ƙi zuwa, kada ka tsorata, kuma kada ka ɓoye. Ka faɗa mata da baki, ka rungume ta, sannan ka sauko ka same ni a falo. Na san hanyar dawowa, na bi ta ni kaɗai, kai ba sai ka bi ta kai kaɗai ba.

Allah Ya tsare min kai daga sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya tsare ka a jirgi da bas da kan titi, Ya ba ka lafiya da halal mai albarka, Ya bar maka zuciyarka da taushinta. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Jidda ta tambaye ni sau uku ko za ka zo, na ce mata za ka zo.

Wassalam,
Mahaifinka.